Takalman Akanta

"A cire masa takalman nan tukuna," in ji Tanko.

Safiyatu tana tsaye ba mayafi, don da shi ta lulluɓe gawar. Ita ta tsince shi a hanyarta ta zuwa firamaren da take koyarwa: Alhaji Abdussalam, maƙwabcinsu na katanga ɗaya, kife a gindin ɗorawa cikin gajeren wando da singileti, tururuwa na bin yatsunsa. Tanko, wansa, ya durƙusa ya fizge fararen kambas ɗin ya cilla su cikin sabara, sannan ya aika gida a kawo doguwar riga kafin jama'a su taru.

Jama'a kuwa ai sun riga sun gan shi. Mati ya wuce da jakinsa da mangalar taki, har da sannu da aiki. Masu zuwa rijiya sun wuce suna ƙunshe dariya. Kowa a ƙauyen ya saba, kullum bayan asuba Akanta, kamar yadda suke kiransa, zai zagaye gonaki a guje, ya zo gindin ɗorawar nan ya kife yana dogara hannu, ya yi ƙasa ya yi sama. Da suka gan shi a kife sai suka ɗauka ƙasan ya yi, saman na nan tafe. Sai da hantsi ya fito kafin hannun mutum ya taɓa shi.

A da shi ne shugaban sashen kuɗi na wata masaƙa a Kano, shi ne kuma kyaftin na ƙungiyar ƙwallon ma'aikata, mai tsaron baya. Da shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, masaƙar ta rufe. Mota ta tafi, gidan birni ya bi ta, abokai suka bi gidan. Ya dawo ƙauyensu a gefen Bagwai da matarsa Kaltume da takalman nan. A lokacin da gidaje ke kwana da kwaɗon tafasa, mutane suka ce ga wanda boko ya taɓa, yana zubar da ƙarfi a hanya kamar ya rasa gona. Alhali in ya gama gudun fartanya yake ɗauka kamar kowa, kunyar gonarsa ma ta fi tasu miƙewa. Safiyatu, wadda ita ma ta sha bakin ƙauyen tun dawowarta daga kwalejin malamai, ta taɓa tambayarsa dalili. Ya ce kujera suka karɓe, ba ƙafa ba.

Bayan jana'iza Tanko ya tare ta a zaure. Ya ce ta rufa wa gidansu asiri: dattijon da ya je Makka ba ya mutuwa da gwiwa a waje. Duk wanda ya tambaya, a kan buzunsa Allah ya karɓi abinsa, da carbi a hannu. Mati da sauran duk sun yarda. To, me zai hana su? In a kan buzu ya mutu, babu wanda ya wuce shi kwance a hanya.

Ran addu'ar uku 'yan birni suka zo cikin mota ɗaya, mutanen da tun dawowarsa ba a ga ƙeyarsu ba. Tanko ya shigo da su tsakar gida su yi wa Kaltume gaisuwa. Tana zaune a bakin ɗaki cikin takaba, Safiyatu a gefenta. Wani dogo mai furfura, ya ce sunansa Basiru, shi ne golansu a da, ya tambayi yadda abin ya faru. Tanko ya shimfiɗa buzu da baki, ya ɗora carbi. Kaltume, wadda da hannunta ta miƙa wa mijinta takalman da safen ranar da ya rasu, ta sunkuyar da kai, yatsunta na murza gefen tabarma.

"Ba haka aka yi ba, Baba Tanko," in ji Safiyatu. "A guje ya fita, a gindin ɗorawa ya faɗi. Mutanen garin nan sun wuce shi suna dariya. Ni na rufe shi."

"Ke, wa ya sako bakinki?" in ji Tanko.

"Gawar da kuka tuɓe wa takalmi."

Basiru ya cire hula ya shafa kai, ya yi wata 'yar dariya da idonsa cike da ƙwalla. Ya ce Abdussalam ke nan, ko a fili bai taɓa yarda a canza shi ba, sai an busa tashi.

"Kun san haka, kuka bar shi yana buga wasan shi kaɗai," in ji Safiyatu. "Hanyar Bagwai ba ta ƙaura ba, Alhaji."

Ya mai da hularsa. Tanko ya ja baƙin waje yana cewa su yi haƙuri, 'yar boko ce.

Sai da ƙafa ta ɗauke Kaltume ta ɗago. Ba ta yi godiya ba, ba ta yi faɗa ba. A hankali ta tambaya ko takalman suna nan.

Da la'asar Safiyatu ta shiga sabara ta ciro su, ƙaya na yagar hannunta. Ta wanke su da sabulun salo, ta goga musu allin makaranta yadda marigayin yake yi. Kaltume ta karɓa ta juya su, ta sa ɗan yatsa a hujin da ke ƙasan na dama. Sannan ta miƙe, ta ɗora su a kan katangar da ke kallon hanya, daidai saman tabarmin masu zaman makoki.

Ruwa yana ɗiga daga igiyoyin, yana zana layi biyu a jikin jar ƙasa.