Ranar da Iya Yagana Ta Zaɓi Iri

"Yaya Ja'afaru, don girman Allah ka sauke ta."

Sunusi ne ya faɗi haka, yana tsaye a ƙofar gidansu da waya a hannu, daidai lokacin da ni da yayarsa Jannatu muka gama ɗora mahaifiyarsu a kan amalankena. Mun shimfiɗa mata katifa a kan buhuna, mun tokare bayanta da filo. Iya Yagana ba ta ko dube shi ba. Gyara ɗaurin ɗankwalinta take yi, tana haki sama-sama.

"Iya, gobe fa za mu Kano," in ji shi. "Likita ya ce ko ƙofar ɗaki kada ki taka."

"To ai ban taka ba. Ɗauko ni aka yi."

Jannatu ta juyar da kai don kada ya ga tana dariya. Ni kuwa na riƙe igiyar shanuna, ban san gefen da zan tsaya ba. Katanga ce kawai ta raba gidanmu da nasu a nan gefen garin Haɗeja, kuma na tashi ina cin tuwon Iya Yagana kamar yadda nake cin na uwata. Sunusi ma yana da gaskiyarsa. Tun tsakiyar damina ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya zame mata aiki. A asibiti aka ce zuciya ce. Shi da yake aiki a Dutse ya bar komai ya zo, ya nemo mota, ya shirya kai ta wajen manyan likitoci.

Abin da ya sa ta dage kuwa, duk unguwa an sani. Iya tana da wata jar shinkafa ta gargajiya da ta gada a gidan mijinta, irin wadda in ruwa ya ƙaru ita ma sai ta ƙara tsawo. Mutane sun daɗe da barinta, sun koma ta zamani mai saurin nuna. A shekarar da ambaliya ta cinye fadama, ruwa ya fi ƙarfin har ita ma, gonar Iya ta nutse ƙurmus. Abin da ya rage mata bai wuce cikin ƙwarya ba. Mun sha wuya a wannan shekara, akwai ranakun da ba a ɗora tukunya a gidansu ba, amma ta hana a taɓa ƙwaryar nan. Da aka shuka ta, ta yi ɗan abin da ta yi. Bana kuwa gonar ta cika, kuma ranar ce masu yanka za su shiga.

"In suka yanke suka haɗa, an gama," ta ce da Sunusi. "Iri a tsaye ake zaɓarsa. Ka bar ni in je in dawo, gobe ka kai ni duk inda ka ga dama."

"In wani abu ya same ki a hanya fa?"

"A hanyar Kano ba ya samun mutum?"

Ya dube ni kamar ni zan raba gardamar. Na ce, "Zan tafi a hankali, Sunusi. Ba za mu kai azahar ba."

Ya juya ya shiga gida. Na ɗauka fushi ya yi. Sai ga shi ya fito da lema da robar ruwa da ledar magungunanta, sanye da farar shadda da takalmi sau-ciki, ya tsaya a gefen amalanke.

"Mu je," ya ce.

Hantsi bai yi zafi ba muka fita daga gari. Kaka ta yi nisa, raɓa ba ta gama bushewa a kan ciyawa ba, kuma akwai wani ɗan sanyi da ke shiga ta wuyan riga, irin wanda ke gaya wa mutum hunturu yana bakin ƙofa. Kukokin da ke gefen hanya sun yi rawaya, wasu sun riga sun tuɓe rabin jikinsu. Mata da yara suna ƙarƙashi da dogayen sanduna suna kaɗo ragowar ɗanyen ganye kafin ya zube, sun baza shi a tabarmi zai zama miyar rani. A can gaba kuma gawo, da ya ƙare damina tsirara, ya fara fitar da sabon ganye kore shar.

Iya tana ta kallo, tana magana ita kaɗai rabi, da mu rabi.

"Kun ga shamuwa ta tafi. Ko ɗaya babu a kan tsamiya."

"Ta tafi tun tuni, Iya," in ji Jannatu.

"Ba wanda ya gaya mini. Kun kulle ni a ɗaki kamar buhun gero."

Da shanun suka ja mu muka hau kan jingar da ta tare ruwa daga gari, sai ta ɗaga hannu ta ce in tsaya.

Na sha ganin fadamar Haɗeja, a cikinta nake neman abincina, amma ban tuna ranar da na tsaya don kallonta kawai ba. Ruwa ya ja baya ya bar tafkuna nan da can, suna walƙiya kamar an zubar da madubai a ƙasa. Tsakaninsu shinkafa ce ta nuna har iyakar ganin ido, wani wuri ruwan zinariya, wani wuri ja-ja. Itatuwan giyayya da suka kwana cikin ruwa tun damina sun fito da laka a gindinsu, ganyensu ya juye launin tsatsa. Ko'ina mutane ne. Nan ana yanka, can ana bugu a jikin duro, mata suna sheƙa ƙaiƙayi yana tashi. Inda ƙasa ta fara tsanewa, masu noman rani har sun ja kwami za su zuba alkama da albasa, injinan ban-ruwa suna ta tatata. Masunta sun tare bakin wani tafki da komarsu ta kamun kifi, sun shiga har ƙugu.

Muna tsaye sai wani abu ya razana tsuntsayen da ke kan babban tafki. Da farko dai ƙara muka ji, kamar ruwan sama yana tahowa daga nesa. Sai ruwan ya ɗage gaba ɗaya, haka idona ya gani, ya tashi sama. Kirinjijiya ce da ɗinya da balbela, da waɗannan ƙananan baƙin da ke zuwa mana daga ƙasashen sanyi in kaka ta yi. Suka rufe rana, inuwarsu ta bi ta kan gonaki ta zo ta wuce ta kanmu. Shanuna suka yi turus. Sunusi ya sauke lemar bai sani ba, bakinsa a buɗe.

"Subhanallahi," in ji Iya a hankali. "Sun zo. Allah mai iko, duk sun zo."

Muka bi su da kallo har suka kewaya suka sauka a wani tafkin.

Daga nan hanya ta zama laka. Takalmin Sunusi ya kafe, ya cire shi ya jefa cikin amalanke, ya naɗe wando ya ci gaba da tafiya ba takalmi. Na kai amalanken har bakin gonar, na juya shi yadda zangarniyar shinkafa za ta riƙa shafar gefensa. Masu yankan da Jannatu ta ɗauko suna zaune da laujensu suna jira. Babbansu, wani dattijo Malam Umara, ya taso ya durƙusa.

"Iya, ke ce da kanki? Sannu da ƙarfin hali."

"Umara, ku ɗan dakata mini. Ba zan daɗe ba."

Ta miƙa hannu ta kamo zangarniya guda, ta auna nauyinta a tafinta, ta murza ƙwaya ta kai baki ta ciza. Ta saki wannan, ta kamo wata. Wadda ta yi mata sai ta ce, "Wannan," Jannatu ta yanke da ƙaramar wuƙa. In ta gama da inda hannunta ke kaiwa sai in ja shanun gaba kaɗan. Da hannun ya gaji, ta koma nuni da baki.

"Sunusi, shiga ciki. Waccan da ta sunkuya, kusa da ƙafarka. A'a, ta bayanta."

Ya shiga da farar shaddarsa, shinkafar ta kai masa ƙirji. Yana yankowa yana kawo mata, tana dubawa tana ajiyewa a cinyarta. Har ya fara tambaya, "Iya, wannan fa?" Wani lokaci ta ce e, wani lokaci ta ce, "Bar wa tukunya wannan." Na ji yana dariya a cikin gonar, dariyar da rabona da jin ta tun yana yaro.

Da damin ya cika hannu, ta ɗaure shi da kanta da igiyar kaba. Ta sha magani, ta kurɓi ruwa. Sannan ta ce wa Malam Umara, "To, bismillah, ku shiga." Ta zauna tana kallon lauje yana cin gonar, har aka buɗe fili mai ɗan faɗi.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Ja'afaru, kai ni gida. Amma ka juya ni, ina son in riƙa ganin baya."

Muka juya katifar, fuskarta tana kallon fadama, bayanta yana wajena. Jannatu ta hau ta zauna kusa da ita. Sunusi yana biye a ƙasa, ya riƙe mata lema. Ina jin ta tana gaya wa Jannatu inda za a rataye irin don kada ɓera ya kai gare shi. Daga baya na ji muryarta ta yi ƙasa, tana salati. Ban kawo komai a raina ba, don kullum bakinta da salati yake. Hankalina yana kan ramukan hanya.

Ba mu kai jinga ba na ji Jannatu ta ce, "Iya?" Ta sake cewa, "Iya?" da wata irin murya. Na ja igiya na diro.

Tana jingine yadda muka ajiye ta, idonta a buɗe kaɗan, hannunta a kan damin. Sunusi ya yar da lema ya kama wuyan hannunta, ya kara kunne a ƙirjinta, ya daɗe a haka. Da ya ɗago, laka da hawaye sun haɗu a fuskarsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ta yi shahada," in ji Jannatu tana kuka. "Wallahi na ji ta. Na ɗauka barci za ta yi."

Ni na ɗauko ta, ni na ce ba za mu kai azahar ba. Na tsaya ina jiran abin da Sunusi zai ce mini, kuma duk abin da ya faɗa na shirya ɗauka. Ya shafa idanunta ya rufe su, ya karɓi mayafin Jannatu ya lulluɓe Iya da shi. Ya ɗauki damin irin ya rungume. Sannan ya juyo gare ni.

"Yaya Ja'afaru, ka tafi a hankali. Kada ka girgiza ta."

Kukan Jannatu ne ya kai labarin gona ta kusa. Daga can wani ya ƙwala wa na gaba. Ina tafe ina jan shanun da hannu, sai na ji bugun duro ya tsaya a hagunmu. Can kuma injin ban-ruwa ya mutu, na gaba da shi ma ya mutu, haka suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya har zuwa nesa, sai ga shi ana jin motsin iska a cikin shinkafa da ƙarar ƙafar amalanke. Ban taɓa jin fadama ta yi tsit da rana tsaka a lokacin kaka ba.

Na waiga. Malam Umara da mutanensa suna biye da mu, sun bar laujensu a gona. Bayansu masu bugu ne, ƙaiƙayi a gashinsu da girarsu. Masunta sun fito daga ruwa, wandunansu suna ɗiga. Mata sun ajiye faifai sun ja mayafi. Wasu sun san ta, da yawa ba su ma san ko wace ce ba, sun dai ji an ce wata tsohuwa ce ta zo gonarta ta cika a hanyar komawa. A mahadar burtali wani Bafulatani da ke gangarowa da garkensa don cin karan gonaki ya tare shanunsa da sanda, ya cire malfa, ya tsaya har muka wuce. Da muka hau jinga na sake dubawa, layin mutanen bai ƙare ba, yana nan yana fitowa daga cikin gonaki.

Haka muka shiga gari. Matan unguwa suka karɓe ta suka yi mata wanka. Bayan la'asar aka sallace ta a ƙofar gida, sahu ya cika layin har ya karya kwana, mafi yawan mutane da lakar fadama a ƙafa. Sunusi bai canja riga ba. Shi ya shiga kabarin ya karɓe ta.

Sai da muka dawo daga maƙabarta, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, na tuna ban kwance shanuna ba. Na same su a inda na bar su, a gindin katangarta, karkiya a wuya, ba su matsa ko'ina ba. Wani ya ajiye musu bahon ruwa da ɗan damin harawa, amma karkiyar ta hana su sunkuyawa su kai. Na kwance ta na jingine a bango. Suka sa baki a ruwan tare, suna sha a hankali, ni kuma ina tsaye da hannuna a kan tozon ɗaya, sanyin yamma yana saukowa.