Murhu Mai Dogayen Ƙafafu

Tun ranar da likita ya ce hayaƙin itace ne ke cin ƙirjin Mulikatu, mijinta Kassim bai sake samun sukuni ba. Ita tuwo take sayarwa a unguwar Maamobi, shi kuwa mai walda ne a unguwar Abossey Okai, irin mutanen nan da in ka yabi aikinsu sai su ce ai ba ka ga komai ba tukuna.

Sai ya ƙera mata murhu. Ya shafe cikinsa da yumɓu don ya riƙe zafi, ya sa bututun da zai kai hayaƙi can saman rufi. Itace kaɗan ya ishe shi, a wannan zamani da masu kawo itace ke kukan daji ya yi nisa. Har dogayen ƙafafu ya yi masa, wai kada ta riƙa sunkuyo.

"Ya yi kyau paa, ƙwarai kuwa," in ji Mulikatu. Ta mai da shi wurin kife kwanoni, ta koma kan duwatsunta uku, tana tuƙi tana tari.

Abin ya ƙona wa Kassim rai. A bakinsa raini ne, amma a zuciyarsa tsoro ne, don kullum tarin ƙara zurfi yake yi. Ran nan ya ƙi fita aiki, ya jawo benci tsakar gida, fuska a murtuke, da niyyar yau a yi ta ta ƙare.

Ko kallonsa ba ta yi ba, tuwo ya isa tuƙi. Ta zauna kan 'yar kujerarta, ta ɗauko wasu sandunan ƙarfe biyu, ta maƙala ƙugiyoyinsu a kunnuwan tukunya, ta take ƙarshensu da ƙafafunta a ƙasa. Tukunya ta tsaya cik, hannuwanta biyu suka kama muciya.

Kassim ya dubi murhunsa, wanda ya kai ƙugun mutum. Sanda ba za ta taɓa ƙasa daga can ba. Da ta gwada, da tuwo mai tafasa ya kife a jikinta.

"Maman Latifa, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na ɗauka ka sani," ta ce, ba ta daina tuƙi ba. "Ai kai ka yi mini sandunan nan, shekarar da muka yi aure. Na ce ka lanƙwasa ƙarfe biyu, ka lanƙwasa. Ba ka tambayi na mene ne ba."

Kunya ta rufe shi. Ya ci tuwon nan har ya yi furfura, bai taɓa ganin yadda ake yinsa ba.

Zarton da zai rage wa murhun ƙafafu na nan rataye a ƙofar ɗaki, amma bai tashi ya ɗauko ba tukuna. Ya matso da bencinsa cikin hayaƙin, kusa da ƙafafunta, har shi ma ya fara tari.

"Ci gaba," ya ce. "Ina so in ga yadda kike kwashewa."