Minti Hamsin Zuwa Birnin Kebbi

Ana cikin ɗinka likkafani wayar Surajo ta sake ƙara. Yayansa ne, Jalaluddeen, daga Abuja.

"Kada a kai Inna sai na zo. Ga ni filin jirgi. Minti hamsin ne kacal zuwa Birnin Kebbi."

Surajo kwale-kwale yake tuƙawa a Wara. A saninsa, in an ce minti hamsin, to daga gaɓa ne zuwa gaɓa, kana sauka kana gida. Saboda haka ya fita ya roƙi liman a jinkirta jana'iza awa ɗaya. Liman bai so ba, amma ya amince.

Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta. Rana ta take, ga zafin bazara. Masuntan da suka baro aikinsu suka fara kallon juna. Wayar Jalaluddeen kuwa a kashe.

Malam Audu, ƙanen mahaifinsu, tsohon direban mota, ya ja Surajo gefe.

"Wanga jirgi, ina anka ce shina sauka?"

"Birnin Kebbi, Baba."

"To ka ji! Minti hamsin ɗin na sama ne. Daga Birni zuwa Yelwa awa ukku, in hanya ta yi kirki. Daga Yelwa zuwa nan hwa? Wuce mu za shi yi, shi tahi arewa."

Sai a lokacin Surajo ya farga. Ashe yayan nasa, duk da boko har wuya, sama ya lissafa ya manta ƙasa. Shi kuma ya ɗauki maganar ya kai wa dattawa ko taunawa bai yi ba. Kunya ta kama shi, haushi ya biyo baya.

Ƙanwarsu Zakiyya ta leƙo daga zaure, idanu jajur. "Yaya, ɗakin ya yi zahi. Tun ɗazu muke yi mata hihita." Surajo ya gane nufinta. Ya koma wurin liman ya ce ana idar da azahar a fito da Inna.

An ajiye makara, ana daidaita sahu, sai ga waya.

"Na sauka! Jinkirin tashi aka yi. Ina neman mota."

Surajo ya tanadi faɗa cike da baki, amma da ya ji hakin ɗan'uwansa sai tausayi ya kashe masa jiki.

"Yaya, Inna tana gaban liman."

Jalaluddeen ya ce, "Surajo, ko fuskarta ban..."

"Na sani. Kana da alwalla?"

"Ina da ita."

"To dubi gabas. Kada ka kashe."

Ya jefa wayar a aljihun gaban rigarsa, ya shiga sahu. Liman ya yi kabbara, jama'a suka bi. Daga ƙirjin Surajo, cikin hayaniyar 'yan tasha da hon na motoci, wata murya ta biyo su a makare, tana rawa: "Allahu Akbar."