Rabin Ƙwaya a Cikin Kifi

Gado mai gadin wani sito ne a Sanaiya, unguwar masana'antu, kuma duk faɗin Doha ba shi da abokin cin abinci sai wata kyanwa da ya raɗa wa suna Toka. Abokan ɗakinsa har tsiya suke masa, wai ya yi amarya. Shi ko a jikinsa. Ita kaɗai ce ke murnar ganinsa in ya iso bakin aiki.

Ran nan da safe Toka ta zo tana ɗingishi, jikinta zafi zau. To, mutumin da ya tashi a gidan da ko farce ke ciwo sai a ce a sha farasitamol, me kake zaton zai yi? Ya ɓalli rabin ƙwaya ya cusa cikin kifin gwangwani, ya miƙa mata a tafin hannunsa. Ta lashe tas.

Kafin la'asar fuskarta ta kumbura, tana numfashi da ƙyar. Hankalin Gado ya tashi. Ya kira Sunusi direba, ɗan garinsu.

"Kyanwa za mu kai asibiti? Kai Gado, ka ji tsoron Allah!"

"Yalla, yi sauri, ka dai zo, mutuwa za ta yi!"

A asibitin dabbobi da ke Nu'aija, likitar ta tambaya ko ta ci wani abu. Gado ya nuna mata sauran ƙwayar, har da ɗan alfahari. Matar ta dafe kai. Ta ce wannan guba ce ga kyanwa, hantarta ba ta iya ɗauka. Gado ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi fa taimako ya yi niyya.

Aka yi wa Toka ƙarin ruwa da allurai, aka riƙe ta wasu kwanaki. Allah ya yi da sauran kwananta.

Ranar da ya dawo da ita sito, ya buɗe gwangwani da rawar jiki, ya miƙa mata hannu. Toka ta sansana, ta ja da baya, ta shige ƙarƙashin motar Sunusi da ya kawo su. Sunusi ya jefa mata busasshen burodi, ta ko cinye.

"Amarya ta yi yaji!" in ji Sunusi, yana ƙyaƙyata dariya.

Gado bai yi dariya ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"Da gaskiyarta," ya ce. "Ai da wannan hannun na ba ta."

Ya ajiye kifin a ƙasa, ya koma can nesa ya zauna yana jira.