Dusar Gero a Injin Uwaisu

Duk Ikara an san yadda Uwaisu mai wankin mota yake ji da injinsa. Ja ne, mai dogon tiyo da bindigar feshi, in ya tashe shi a bakin tasha sai laka ta bar jikin mota ko ta kwana bakwai a manne. Akwai kuma wani shuɗin duro da injin ke zuƙar ruwa daga ciki, shi ma an kafa masa doka: ko leƙa shi kada a yi.

To, sai aka yi rasuwa a Paki, Uwaisu ya tafi ta'aziyya kwana biyu, ya kawo kayan aikinsa gida ya ajiye. A makon ne kuwa za a yi sunan jaririn Murja, ƙanwar matarsa Rahama, aka ɗora wa Rahama kunun suna. Ta dubi tulin geron da za a jiƙa, ta dubi 'yan robobinta, ta dubi duro. Ai kuwa duro ya sha gero! Ta ɗauraye shi a gurguje ta mayar inda yake, ta ce wa ranta ba mai ji ba mai gani.

Ranar da ya koma aiki, tun kafin azahar sai ga shi ya turo injin gida a baro, fuska a murtuke.

"Lafiya, Baban Farida?" in ji Rahama.

"Ina fa lafiya! Injin yana tashi garau, amma ruwan sai tofi yake kamar akuya mai mura. Na shafe motar Bilya direba da kumfa, ruwa ya ƙi zuwa. Haka ya ja ta da kumfarta ya tsallaka titi wurin Gambo, 'yan acaɓa suna ta yi mini ihu."

Gambo ƙanen Rahama ne, ciki ɗaya. A hannun Uwaisu ya koyi wanki, bara ya buɗe nasa wurin a ɗaya hannun titin.

"Ka duba fulogi?" in ji Rahama, murya ƙasa-ƙasa.

"Na canza fulogi, na juye baƙin mai, na kai wa Yahuza bakanike ya ƙwanƙwasa famfon ya ce shi bai ga komai ba. Abin da bakanike bai gani ba kuwa, kin san ba na ƙarfe ba ne. Hannu aka sa mini. Wa ya ci ribar abin yau? Ina idar da la'asar wurin Baba zan tafi, a kira Gambo ya faɗi abin da ya binne mini."

 Baban su Rahama ba ya wasa da zancen asiri. In wannan magana ta shiga zaurensa, to, Gambo da mijinta sun daina gaisawa ke nan, ita kuma tana tsakiya, duk a kan kunu.

Yana fita masallaci ta ɗaure zane ta tsuguna gaban injin. Shekara shida tana markaɗe a gidan nan, inji ba baƙonta ba ne. Ta ce tunda yana tashi, ba wuta ba ce, hanyar ruwa ce. Ta murɗe tiyon da ke shiga famfo, sai ga wata 'yar rariya kamar murfin kwalba, ta toshe tam da dusa. Wani tsami ya bugi hancinta, har ya fara kumfa.

"Oh ni Rahama! Ga malamin da ya yi asirin."

Ta dirje rariyar da tsohon burushin haƙori. Ta kwance ɗan bakin bindigar ta ɗaga shi ga rana, ko haske ba ya wucewa, ta sa allura ta zaƙulo ƙwayar gero guda, ta kumbura ta yi ɓul-ɓul. Ta mayar da komai, ta cika bokiti da ruwan rijiya, ta tsoma tiyo, ta ja igiya. Injin ya tashi, bindiga ta yi fut, fut, ta yi shiru.

 Can ta tuna yadda Uwaisu kan matse bindigar tun kafin ya tashi injin, wai iska ta fita. Ta kashe, ta ɗora bokitin a kan turmi, ta matse har ruwa ya zubo siriri ba yankewa. Ta sake jan igiya.

Wayyo! Bindiga ta fizge ta. Ruwa ya tsinke shanya, ya watsa kaji, ya yi wa katangar ƙasa rami. Daidai nan Uwaisu ya yi sallama, feshin ya ɗauke masa hula ta faɗa bayan akurki.

Ya tsaya jiƙe sharkaf, baki har kunne. "Allahu Akbar! Kin gani ko? Da na raba shi da wurin nan sai abin ya karye. Yanzu ma na samu shaidar da zan kai wa Baba!"

Rahama ta kashe injin. Ta ga dai gyara bai fisshe ta ba. Ta kwaso dusar da ta tara a murfin kwano ta miƙa masa.

"Shinshina, Baban Farida."

Ya shinshina. Ya sake shinshinawa. "Wannan ai warin gasara ne."

"Geron sunan Murja ne. A duronka na jiƙa. Gambo ko labari ba shi da shi. Ka yi mini faɗan, amma ka bar Baba ya huta."

Uwaisu ya dubi dusa, ya dubi matarsa. Sannan ya ce, "Wato ni da na sha kofi uku ranar sunan ina sa albarka, asirin kaina nake sha?"

Dariya ta ƙwace mata, shi ma ya kasa riƙe tasa. Ya ce ya yafe, da sharaɗin za ta wanke duron sau uku, kuma maganar ta mutu a tsakar gidan nan.

Sai dai bai san Indo maƙwabciyarsu tana bayan katanga ba, ido a ramin da ruwa ya huda. Kafin magariba labari ya kai har garin Kudan.

Washegari Uwaisu na cikin wanke wata mota, ruwa na fita kamar kibiya, sai ga Gambo ya tsallako titi riƙe da ƙaton kofi da ludayi.

"Yaya, ina kwana? Na ji an ce yanzu injinka kunu yake damawa. A zuba mini mai zafi, kada a cika tsamiya."

 Uwaisu ya juyo da bindigar a hankali, Gambo ya yar da kofi ya kwasa a guje, 'yan tasha na tafi.