Dinya Mai Farin Goshi

"A hankali da ƙofar nan," Injiniya ya faɗa cikin raɗa.

Sista ta maka ƙofar motar da gangan. Wasu agwagin ruwa suka tashi fir daga bakin tafkin. Dattawan da ke tsugune cikin ciyawa suka waiwayo suna harararta kamar wadda ta yi dariya a gidan makoki. Ta rama hararar.

Rabin rayuwarta a asibiti ta yi shi tana aikin jinya, babu kalar tabon hankalin da ba ta gani ba. Amma mutum da furfurarsa da jikokinsa ya baro bargo cikin wannan sanyi don ya leƙi tsuntsu, wannan kam ba ta san maganinsa ba. Mijinta Injiniya ya kamu da cutar tun da ya yi ritaya. A da shi kaɗai yake zuwa. Kwanan nan ya tsiro da cewa gwiwa ta hana shi tuƙi, ita ta koma direba.

Ciyaman ɗin ƙungiyarsu ta masu kallon tsuntsaye ya taho a duƙe, tumbi a gaba, wandon sojoji a ƙasa, sai ka ce yaƙi aka zo yi da kwaɗi.

"Injiniya, ka makara! Zalɓe da kirinjijiya duk mun gan su, ba su ne zancen ba. Akwai wata baƙuwar dinya a tsakiyar garken can, mai farin goshi. Na ce ƙaramar ce, wadda mutum zai tsufa bai gani ba. Barista ya kafe wai babbar ce da ke zuwa duk sanyi. Zo ka raba mu, idonka ba ya ƙarya."

"Allah ya ba ku lafiya," Sista ta ce, ta zauna a kan bonet da filas ɗin shayinta.

Daga nan take kallon su. Barista na ta jan allon waya yana gyaɗa kai kamar a gaban alƙali. Wani ya kwanta rubda ciki a cikin taɓo, mutumin da a gidansa ko cokali ba ya ɗagawa. Mijinta kuma ya duƙa a kan babban madubin hangen nesa mai ƙafa uku, yana murza shi gaba, yana murza shi baya.

Sai ta lura da inda bakin madubin ya kalla. Garken na dama. Shi ya saita hagu, inda babu komai sai wata tsohuwar jarka da ke yawo a kan ruwa.

Ta ajiye kofin. Shayin da ya zuba a gefen kofi ranar nan ya faɗo mata. Jaridar da ya daina karantawa, wai duk ƙarya ce. Gwiwar da ke hawa bene lafiya lau. Ita da ta yi ta faɗa wa matan wasu cewa ba sa lura da mazajensu.

"To, Injiniya?" Ciyaman ya matsa.

"Ina zuwa." Ya ci gaba da murza madubin.

Sista ta diro, ta ratsa su ba tare da ta rage sautin takalminta ba.

"Matsa, Malam, in ga abin da ya hana ku barci."

Ta sa ido a madubin, kafaɗarta na gogar tasa. Ƙasa-ƙasa ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun bara. Tsakiyar komai kamar an shafa mai. Don Allah kada su sani."

"Me zan duba?"

"Goshi. Da kewayen ido."

Ta juya madubin dama kamar mai wasa da shi, ta lalubo har ta same ta. Sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Wai wannan ce? Wannan 'yar firit ɗin mai guntun baki? Farin ma har tsakar kai ya hau, kamar ta faɗa buhun fulawa. Ga wani rawayan zobe a ido, ita a dole ta yi kwalliya. A kan wannan kuke birgima a taɓo?"

"Sista, don girman Allah, muryarki!" Ciyaman ya roƙa.

Ta ja baya tana taɓe baki. Injiniya ya duƙa, ya ɗora idonsa a inda ta bar madubin, ya daɗe. Da ya ɗago, fuskarsa ta koma yadda ta san ta.

"Ƙaramar ce. Zoben idon ya gama magana. Ciyaman, kai ke da gaskiya."

Aka kaure da murna cikin raɗa. Tsofaffi na rungumar juna ba sauti, Ciyaman na share ƙwalla da hularsa. Barista ya ce dama shi bai yanke hukunci ba. Sista ta kwashi filas ɗinta ta koma mota.

Sun hau kwalta kafin ta buɗe baki.

"Litinin za mu ga likitan ido. Ba shawara nake nema ba."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Yaya dinyar take?"

"Agwagwa ce dai, mai ƙafa biyu."

Ya mai da fuskarsa ga gilashi. Ta wuce wata babbar mota, ta dawo hannunta.

"Ƙafafun ruwan lemo ne," ta ce. "Kuma ta fi sauran saurin tafiya. Sai tsince-tsince take kamar wadda aka biyo."

"Haka suke," ya ce a hankali. "Asabar mai zuwa ana zuwa tafkin arewa. In ba za ki iya ba…"

"Wa zai kai ka? Barista?" Ta ja tsaki. "Sai dai ka nemo mini nawa madubin. Naka duk warin man zafi yake."