Layi na Huɗu a Jikin Dutse

A bakin tashar mota akwai dutse mai tsayin mutum biyu, an sassaƙa sunayen sojojin garin da suka mutu a yaƙi. Hamsin da takwas ne. Masu lodi suna jingina da shi, awaki suna shan inuwarsa.

Tsohuwa guda ce ba ta fasa zuwa. Matar wani kofur ce, ba ta yi karatu ba. Ran da aka buɗe dutsen, cikin turmutsutsu, wani ya nuna mata da sanda ya ce ga mijinta nan, layi na huɗu daga ƙasa. Shekara arba'in tana shafa wurin da yatsa. Yau da gobe ba ta bar komai ba. Layin ya yi sumul kamar tafin hannu.

Da aka kawo mai sassaƙa ya sabunta rubutun, an gindaya masa ƙa'ida: sunan da ake iya karantawa kaɗai zai bi da kurfi, ƙarfensa na sassaƙa. Takardar sunayen kuwa gara ta cinye tun tuni.

"Ɗan nan, kana nufin za ka tsallake min miji?"

"Iya, ni ba boka ba ne. Ke kika cinye shi da hannunki."

"Yi min shiru. Da ransa ma ban cinye shi ba."

Ya yi dariya, ya ɗora farar takarda a wurin, ya goga gawayi a hankali. Harufa suka fito dishi-dishi. Ya karanta mata. Ta ce ya maimaita, ya maimaita.

"Wannan ba shi ba ne."

Ya tambayi sunan kofur, ya bi layi da farce. Sunan yana layi na biyar, garau, har da gansakuka a cikin harufan. Ba a taɓa shafa shi ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

"To naki ya tsira, Iya."

"Wannan da na goge fa, wa yake zuwar masa?"

"Ban ga kowa ba."

"Ai ka karanta shi yanzu. Fara da shi."

Ya ɗauki kurfi da guduma. Ta zauna kan buhun wani tana kallo har ya gama. Washegari ta dawo da tsumma, ta share gansakukar layi na biyar, ta tsaya gaban na huɗu hannunta a baya.